Zuwa Ƙarfi Saboda Ƙodar Kawu

Mun tashi da asuba, amma ba mu hau titi ba sai da gari ya yi haske, domin duk mai bin hanyar Funtua a 'yan shekarun nan ya san ba a yi mata sammakon ganganci. Mu uku ne a motar. Yayana ne ke tuƙi, mutumin da ke ji da tsohuwar motarsa kamar shi ya ƙera ta. Sai wata ƙawata likita, wadda aikinta a asibiti shi ne duba 'yan yankan naman jiki a ƙarƙashin madubin nan mai kambama ƙanƙanin abu, kuma ƙoda ce ta fi ƙwarewa a kai. Sai ni da na tattaro su. Masu tambayata inda na shige a makon jiya, ga amsarku: Ƙarfi na je wajen Kawu Iliya, yayan mahaifiyarmu, kuma ba ziyarar shan fura ba ce.

Tun farkon damina aka auna jinin Kawu a wani asibiti a Malumfashi, aka ce hawan jini ya taɓa masa ƙoda, ya zo Zariya ya ga masu ƙoda. Bai zo ba. Duk sanda na kira shi sai ya ce ai ya warke, yana ma da shaida a hannu. Matarsa, Mama Rifkatu, ita ce ta faki idonsa ta kira ni, ta ce mutumin nan ya rage cin abinci, kuma takalminsa na zuwa coci ya daina shigarsa. Raina ya ɓaci, tsoro kuma ya kama ni. Na ƙudura a zuciyata cewa ba zan dawo Zariya ba sai da shi a cikin mota.

A Giwa muka tsaya karyawa. Ƙosan wannan zamani sai dai a yi haƙuri, ya ƙanƙance har mutum na iya haɗiye uku bai san ya ci komai ba, amma kokon ya yi kauri, ya ji citta da kanumfari. Yayana ya sha kofi biyu yana mitar tsadar mai, alhali ni na cika masa tanki. Daga nan titin ya yi mana kirki a wasu wurare, a wasu kuma ramuka suka yi ta gaisawa da ƙasan motar, shi kuwa yana cije leɓe kamar a ƙafarsa ake bugawa. Mun wuce shingayen bincike da dama, ko'ina a leƙo, a gaisa, a ɗaga mana hannu.

Tun kafin mu shiga Funtua kaka ta tarye mu. Manyan motoci sun yi layi ana loda masara, 'yan dako na gudu da buhu a wuya, ga ƙullin auduga an ɗora wa a-kori-kura har ta karkace. Na tsaya sayen rake sai na ji manoma biyu suna ƙorafi, taki sun saye shi da tsadar tsiya, yanzu da amfani ya zo gida farashi ya faɗi warwas. A bakin tasha kuma wani mai magani ya kafa lasifika a kan motarsa, ya jera galan-galan na jiƙo, yana cewa nasa na korar dattin mara, kuma alamar yana aiki ita ce mutum ya ga fitsarinsa ya ƙaru ya yi fari tas. Ni dariya abin ya ba ni. Ƙawata ba ta yi dariya ba, ta tsaya ta saurare shi har ya kai aya, sannan ta dawo mota.

Daga Funtua muka miƙi hanyar Bakori. Wannan yankin idan ba ka gan shi da kaka ba, ba ka gan shi ba. An shanya masara a gefen kwalta, ja da fara, awaki na zagaye suna neman sa'a. A daidai inda ake ratsewa zuwa Tsiga mun tarar ana casar waken suya da inji, mata sun rufe fuska da gyale suna sheƙe abin da injin ya bari. Dawa ta sunkuyar da kai, saura kaɗan a shiga yankanta. Rana kuwa tun hantsi ta buɗe wuta, amma duk gonar da muka wuce da mutane a ciki, kuma na lura ba kasafai nake hango gorar ruwa a kusa da su ba.

Gidan Kawu na bayan gari, kusa da 'yar cocin da shi ne dattijonta. Mama Rifkatu ta rungume ni, ta rungume ƙawata kamar ta daɗe da saninta, ta shimfiɗa mata tabarma a ɗaki ta ajiye buta tun kafin azahar ta yi. Aka kawo tuwon masara sabuwar niƙa da miyar kuɓewa ɗanya, ga man shanu yana yawo a kai. Yayana ya manta da motarsa.

Kawu ya shigo daga gona muna cikin ci. Dogon mutum ne, a da idan ya tsaya a ƙofa sai ya tare haske. Yanzu wuyan rigarsa ya yi masa yawa, ƙafafunsa kuma sun cika sun yi sheƙi. Ya yi loma biyu ya wanke hannu. Da aka gama gaishe-gaishe na gabatar masa da ƙawata, sai ya yi murmushin wanda ya shirya wa shari'a, ya shiga ɗaki ya fito da wata kwalba ya ɗaga ta a rana. Fitsarinsa ne na safiyar nan. Ya ce mu duba da kyau, ko ruwan rijiya bai fi shi haske ba. Ashe haka yake nuna wa duk wanda ya zo dubiya, har fasto sai da ya gani ya yi masa barka. Ya ce tun da ya fara shan jiƙon galan, irin na mai lasifikar Funtua, yake zuba fitsari da yawa dare da rana, kuma ai kowa ya san ƙodar da ta lalace ba ta fitsari.

Na buɗe baki zan fara, ƙawata ta taka mini ƙafa. Ta karɓi kwalbar da hannu biyu, ta girgiza ta kaɗan, kumfa ta taso ta ƙi kwanciya. Ta auna masa jini da abin awon da ta zo da shi, na ga yadda ta ɗan daɗe tana kallon allon. Ta ja fatar idonsa ƙasa, ta danna ƙaurinsa da yatsa, wurin ya loma ya ƙi tasowa. Sannan ta tambaye shi abin da yake sha idan ya taso daga gona. Ya ce ba komai, sai maganin gajiya, irin wanda kowane manomi ke sha. Mama ta ce kullum ne, shekara da shekaru, ƙwayoyi kala-kala a ƙulle a leda. Ruwa fa a gona? Kawu ya ce shan ruwa ana cikin aiki kashe jiki yake, sai an tashi.

Daga nan ta gyara zama ta yi masa bayani, kuma zan ba ku shi yadda na riƙe, don ni ma da nake koyar da ilimin halittu a sakandare na ƙaru. Ta ce ƙoda aiki biyu take yi a jere. Da farko akwai 'yan mitsi-mitsin rariya masu tace jini, su kuwa ba su cika zaɓe ba, ruwa mai yawa suke zubowa haɗe da datti da abin amfani. A bayan kowace rariya akwai siririn bututu, bangonsa jere da ƙwayoyin halitta kafaɗa da kafaɗa. Aikinsu shi ne su tsame ruwa da gishiri da sukarin da jiki ke buƙata su mayar cikin jini, su bar dattin ya wuce. Ta ce su ne matan nan masu sheƙa, su ke raba tsaba da ƙaiƙayi.

Idan aka ji wa waɗannan ƙwayoyi ciwo sau ɗaya, sukan warke su koma bakin aiki. Amma idan ciwon ya zama na kullum, yau hawan jini, gobe ƙishirwar gona, jibi ƙwayoyin gajiya, sai su fara sauya kama. Su saki maƙwabtansu da suke manne da su, su daina tsame ruwa, su ɗauki halin wasu ƙwayoyin dabam waɗanda sana'arsu ita ce saƙa zare mai tauri don toshe rauni. Ta ce masana na jayayya har yau, wasu na ganin rikiɗewa suke yi gaba ɗaya su bar layinsu, wasu na ganin rabin rikiɗa suke yi, su tsaya a inda suke suna kiran masu saƙar su taru. Ko wanne ne gaskiya, ƙarshen ɗaya ne, inda bututu yake a da sai tabo ya maye gurbinsa. Ta nuna masa hotuna biyu a wayarta. A na farko ga 'yan zobba a jere reras, a na biyu zobban sun yamutse sun yi nesa da juna, wani abu mai kama da zare ya cike tsakaninsu.

Kawu ya kalli hotunan ya ce shi dai zane ya gani. Sai ta nuna wani tsohon tabo a ƙaurinsa, inda fartanya ta taɓa sarar sa yana saurayi, ta tambaye shi ko gashi na fita a wurin, ko yana gumi. Ya shafa wurin ya ce a'a, ya dai rufe amma bai koma fata ba. Ta ce to haka tabon ƙoda yake. Kuma idan masu sheƙa suka ajiye faifai, tarin da ake zubarwa bayan gida girma zai yi, domin tsabar ma tana ciki.

Sannan ta yi masa tambayar da ta tsaya masa a wuya.

"Baba, lokacin da kake da ƙarfinka, idan ka wuni a rana ba ka sha ruwa ba, yaya fitsarinka yake fitowa?"

"Ɗan kaɗan," in ji shi. "Ja, kamar shayi."

"Yanzu fa, idan ka wuni a ranar?"

Ta ce masa lafiyayyar ƙoda rowar ruwa take yi idan jiki na jin ƙishi, shi ya sa yake fitowa kaɗan kuma ja. Wanda ya sha ruwa da yawa ya ga fari, wannan daidai ne. Amma wanda ya wuni da ƙishi kuma ya ga fari mai yawa, tasa ƙodar ta kasa riƙewa ne. Jiƙon galan kuwa ƙara matse ta yake yi, yana fitar da ɗan ruwan da ya rage.

Ya daɗe yana kallon kwalbar a ƙasa inda ta ajiye ta. Can ya ce, "To, su waɗanda suka bar aikin, in an ba su magani za su dawo?"

"Ba zan yi maka ƙarya ba, Baba. Inda tabo ya riga ya kama, da wuya ya koma. Amma akwai waɗanda ke kan aikinsu har yanzu, kuma su muka zo wa."

Na ɗauka an gama. Ashe da sauran aiki. Kawu ya ce ya ji, zai je Zariya, amma sai an cire masara, don ta bushe a tsaye, kuma ba a barin amfani a daji a wannan lokaci. Mama Rifkatu ta ce haka ya faɗa da shuka, ya maimaita da noman farko, ya sake faɗa da zuba taki. Ni kuma haƙurina ya ƙare, na ce masa masarar za ta shiga rumbu ko da shi ko ba shi, tambayar ita ce wa zai ci ta. Na san na yi kaushi, amma ban janye ba. Ya dube ni ya ce bakin uwata na ɗauko, ya saɓa fartanyarsa ya fita.

Da la'asar sakaliya muka zaga gari ni da ƙawata. Mun sayi gyaɗa mai gishiri, mun kalli 'yan acaɓa suna ɗauko buhuna bibbiyu daga ƙauyuka kamar babur ɗin ba shi da rai. A gaban wani kyamis muka ja muka tsaya. Maza ne ke tahowa daga gona, ƙafa duk ƙasa, kowa ya miƙa hannu ya ce a ba shi na gajiya, a ƙulla masa a leda, ya watsa a baki nan take, wani ma ba ruwa. Ba wanda ya tambayi sunan ko ƙwaya ɗaya. Akwai samari a cikinsu waɗanda ba su daɗe da aure ba. Nan na ga Kawu ba shi kaɗai ba ne, shi dai ya riga su nisa a hanyar.

A gidan muka kwana. Da gari ya waye na tarar da Kawu zaune a kan turmi a tsakar gida, bai sa kayan gona ba. Ya kira ƙawata ya ce mata tun faɗuwar rana bai sa ruwa a bakinsa ba, da gangan, don ya gani da idonsa. Ya ce ya gani, fari ya fito kamar na jiya. Ta yi masa faɗa sosai a kan wannan gwaji, ta sa aka kawo masa ruwa ya sha a gabanta, amma na ga alama ranta ya yi daɗi. Mama kuwa ba ta jira umarnin kowa ba, ta ɗauki galan ɗin jiƙo ta tuttular a bayan danga. Na tausaya wa ciyawar wurin.

Saura maganar masara. Ita kuma maƙwabcinsa Malam Sani ne ya kashe ta. Tare suka yi kiwon awaki suna yara, kuma Mama ta aika masa tun da sassafe. Ya shigo da carbinsa a hannu, ya ji bayani, ya ce gayya zai kira, 'ya'yansa da samarin coci da duk wanda Kawu ya taɓa shiga gonarsa, kuma wannan kusan rabin unguwa ne. Kawu ya ce shi tun da yake bai taɓa zama ana cire masa masara ba.

"Wa ya ce ka zamna?" in ji Malam Sani. "Tafiya za ka yi. Ka tai ka gyara jikinka, Iliya, ka bar mana gonar. Dawa tana nan tana jiranka."

Kawu ya sunkuyar da kai, ya ce a tabbata an ware ta iri, kada a haɗa ta da ta ci. Daga nan ya shiga ɗaki ya sako babbar rigarsa. Takalmin ya ƙi shiga, ya zura silifa. Muka taru a tsakar gida Mama ta yi addu'a, Malam Sani na gefe ya ɗaga hannuwa yana cewa amin.

A dawowa Kawu ne a gidan gaba. Tun daga Ƙarfi har Bakori bai bar gonar kowa ta wuce lafiya ba, wannan ya yi sammakon shuka, wancan ya yi rowar taki, wancan kuma ragon banza ne. A Funtua ya hango mai tsire ya ce a tsaya. Ƙawata ta ce ban da gishiri da dunƙule, ya ce to mi ya rage na tsire, aka saya masa gasasshiyar masara ya riƙe yana hararar ta. Motar yayana ta tsaya mana sau ɗaya bayan Giwa, mai ita ya ce hutawa take yi. Duk da haka da sauran rana muka shiga Zariya.

Washegari muka kai shi wajen masu ƙoda. Aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton ciki, aka yi ta kai da komo. Abin da suka ce bai saɓa da na ƙawata ba, an yi asara mai yawa kuma ba za ta dawo ba. Amma abin da ya rage zai iya riƙe shi ba tare da an kai ga injin wankin ƙoda a yanzu ba, muddin aka danne hawan jinin, aka rage gishiri, aka rabu da ƙullin leda da galan, kuma ya riƙa zuwa ana dubawa. Na fita baranda na yi kukana ni kaɗai, na share fuska na dawo. Ina da yaƙinin za mu riƙe abin da ya ragen nan, domin Kawu idan ya yarda da abu ba ya yi masa riƙon wasa.

Tafiyar nan ta koya mini cewa mutanenmu ba sakarkaru ba ne, suna lura da jikinsu sosai, alamar ce wani lokaci ake fassara musu a juye. Kawu bai ƙi asibiti don taurin kai kawai ba, hujja ya riƙe, kuma ba a karɓe hujja daga hannun dattijo da tsawa, sai an kawo masa wadda ta fi ta. Idan kuna da manomi a gida, ku tambaye shi abin da yake haɗiya idan ya taso aiki, ku saya masa gorar ruwa, ku kai shi a auna masa jini tun yana ganin lafiyarsa lau. Ƙoda ba ta cika ciwo ba sanda take lalacewa, shi ya sa ake makara.

Yau da safe na fito na tarar da Kawu a falona ya dafe ƙugu, yana miƙewa da ƙyar. Tun da muka baro Ƙarfi bai sha na gajiya ba, ga shi baya da gwiwa da kafaɗa duk sun taso masa a lokaci guda. Na ce bari in ɗauko masa wanda likita ta ce ba ya taɓa ƙoda. Ya ɗaga mini hannu.

"Bar shi tukuna, 'yar nan," in ji shi. "Shekara da shekaru ina toshe masa baki. Yau dai bari in ji abin da yake ta son faɗa mini."